Ɓerayen Idi da Tukunyar Kaka Hasi

Na ji abin da kuke faɗa a kan Baba Idi na Kore Mairuwa. Kuna cewa tunda karatunsa ya lalace a Yamai ya koma sayar da ƙwayoyi a shago, shi ya sa yake jin zafina, yake shigowa gidan nan ya gaisa da mahaifiyarku da dariya, ni kuma ya miƙo mini hannu kamar wanda muka haɗu a tasha. Ranar da 'yar'uwarku Rabi ta faɗi haka a tsakar gida ina ɗaki ina ji, ban tanka ba, don yin shiru a inda ya kamata in yi magana tsohuwar sana'ata ce. To yau na ɗauki biro. Akwai hassada a labarin nan, ba ku yi ƙarya ba, amma kun ɗora ta a kan wanda ba shi ne mai ita ba.

Ni da Idi taubasai ne. Uwata da ubansa, Kawu Garba, ciki ɗaya suka fito, cikin Kaka Hasi ta Matankari. Kawu ma'aikacin gwamnati ne, don haka Idi a nan Dogon Dutsi ya tashi, a gidan siminti, da takalmi a ƙafa. Ni kuwa ubana ya rasu ina ƙarami, aka kai ni ɗakin Kaka, a can na yi wayo. Na girme shi da shekara huɗu. Tun muna yara yana kirana bawansa ina kiransa nawa, mu zagi juna son rai a gaban manya ba mai hana mu, haka wasan yake.

Kaka tana da magani ɗaya da aka san ta da shi. Akan kawo mata mutum ba zazzaɓi ba ciwon ciki, amma ya daina ci, ya daina magana, ya zauna ya zuba wa bango ido. Matar da ta haihu ta ƙi kallon jinjirinta, ko magidancin da ya dawo daga cin rani ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Wasu su ce iska ce, a kai wa 'yan bori. Kaka ba ta musu da kowa, sai dai ta ce wani na iska ne, wani kuma ransa ne ya yi nauyi, ita da na biyun take aiki. Yanzu likitoci na ce masa ciwon damuwa. Takan ajiye mutum a gidanta sati biyu ko wata guda, ta ba shi ɓarar wake, ta zauna kusa da shi tana ta hirarta ko ya amsa ko bai amsa ba, safe da yamma kuma ta ba shi ruwan tukunyarta. Saiwar anza, ɓawon hano, ganyen sabara. Ni ke haƙo saiwar, ni ke sassaƙo ɓawon, kuma ni kaɗai nake wurin da sassafe in za ta ɗora tukunya. Kafin ta zuba komai sai ta ɗauko magoginta, don ba ta da haƙori, ta goge manyan goro uku ta watsa cikin ruwan. Na taɓa tambayarta ko shi ma cikin maganin yake.

"Wane magani? Gaisuwa ta," in ji ta. "Kai kana zuwa roƙon abu wurin manya hannu rabbana? Tukunyar ga ma roƙonta nika yi."

Na yi lakkol, wato makarantar boko, gwargwado, na tsaya inda ƙarfina ya tsaya. Na koyi aikin labo, ɗakin gwaje-gwaje, na yi shekara biyu a Yamai a ɗakin da ake kiwon fararen ɓeraye na gwajin magani, ina share musu keji, ina riƙe wa ɗalibai agogo. Daga nan aka maido ni gida ina duba jini da fitsari a gidan likita. Idi kuwa ya wuce, ya yi ta wucewa, har ya kai matakin da in ya gama za a kira shi dokta a ilimin magunguna, an kuma yi masa alkawarin kujerar koyarwa. Saura masa abu ɗaya, babban binciken da zai rubuta ya kare a gaban malamansa. Sai ya zaɓi tukunyar Kaka. Ranar da na ji, tuwo bai shiga cikina ba. Ni da na girma a gindin murhun nan, ni da nake wuni a labo, ban taɓa tunanin haɗa biyun ba. Shi da ko anza bai iya rabawa da kalgo, shi tunanin ya zo wa.

Kaka ta ce ita ba ta ba da maganinta a ƙulle cikin leda, a tukunyarta ake dafawa, kuma ba ya wuce kwana biyu. Tunda tukunya ba ta zuwa Yamai, Idi ya kawo ɓeraye kusa da tukunya. Bayan an gama yankan hatsi ya sauka a tasha da kejuna a saman mota, an lulluɓe su da zane. Kawu ya ba shi ɗakin bayan gida har ya sa masa fanka, abin da ɗakin baƙi ma bai samu ba. Garin nan ya sha dariya. Mata suna leƙowa su ga kusun Yamai da ake auna wa abinci, ana gadinsu kada kyanwa ta shiga. Washegari Idi ya same ni a wurin aiki.

"Bawana, aiki ya same ka. Kai kas san hannun dabbobin ga, ni takarda nis sani. In mun ƙare, sunanka na cikin shahin godiya."

Shafin godiya, can inda ake sa direba da mai buga takarda. Na yi dariya na ce ubangida ba ya ƙin taimakon bawansa, amma ban mance maganar ba.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane laifina ba. Ɓera ba ya cewa ransa ya yi nauyi, sai dai a duba abin da yake yi. Ana samun dogon tulun gilashi a zuba ruwa mai ɗumi, yadda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ba ya kuma iya haurowa. A sa shi ciki na 'yan mintoci. Da farko zai yi ta iyo yana yaƙushin gilashi, can sai ya saki jiki ya tsaya cak, hanci kawai a sama. Wannan tsayawar ake aunawa da agogo, sannan a ciro shi a goge shi da tawul. Ɓeran da aka ba ƙwayar ciwon damuwa ta likita ba ya saurin sakin jiki, yakan daɗe yana ƙoƙari. Saboda haka in ka ba ɓera sabon magani ka ga ya daɗe yana iyo, sai ka fara sa rai. Amma akwai tarko a ciki, kuma duk wanda ya daɗe a ɗakin ɓeraye ya san shi. Abin da ke zaburar da jiki, irin sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro, ko ƙwayoyin da wasu direbobi ke haɗiya don kada su yi gyangyaɗi, shi ma yana sa ɓera ya yi ta iyo. A cikin ruwa ba ka raba su. Kamar mutum biyu ne suka tashi daga tabarma, ɗaya don ransa ya dawo, ɗaya don cinnaka ya cije shi. Shi ya sa ake gwaji na biyu. A samu faffaɗan akwati a ja layuka a ƙasansa kamar gidan dara, a saki ɓera a tsakiya, a ƙirga layukan da ya tsallaka. Wanda ya sha maganin damuwa na gaskiya yawonsa ba ya wuce na sauran, wani lokaci ma ya fi su nawa. Wanda aka zaburar kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idi ya san wannan a takarda. Ya bar shi sai ƙarshe in lokaci ya rage, don hutun da aka ba shi gajere ne.

Kowane kwana biyu zai hau babur ya tafi Matankari ya dawo da jarka. Ya zauna da Kaka da littafinsa ya tambaye ta me da me ke ciki, ta lissafa masa uku, ya rubuta uku. Ba ɓoye masa ta yi ba, a wurinta uku ne. Kullum kuma ya isa sai ya tarar tukunya tana tafasa, ko ya ga magogi a gefen murhu, wa ke rubuta cewa tsohuwa tana goga goro? Muka fara ɗura wa ɓeraye ruwan Kaka, ni da agogo shi da biro. Suka yi iyo kamar 'ya'yan masunta. Suka kamo waɗanda aka ba ƙwayar likita, wasu har suka wuce su.

Daga nan gari ya ɗauka. Kawu ba ya zama a majalisa sai ya kawo zancen. Waɗanda nake ɗibar jininsu da hannuna suna tambayata ya Dokta, ni kuma har lokacin Sani mai duba fitsari. Uwata da kanta ta ce mini da na ƙara haƙuri da lakkol da yanzu da ni ake wannan magana. Wata Juma'a muka je Matankari tare, tsakar gida cike da mata, Kaka ta dube ni ta dube shi.

"Sani, na sake ka," ta ce. "Na samu sabon miji wanda za shi kai sunana Yamai. Kai shekara nawa kana cin tuwona, ko bakin kasuwa ba ka kai shi ba."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, wasan kaka da jika ne. Amma sai ta jawo Idi ta dafa kansa, muryarta ta canza.

"Kai ka gaje ni, ɗan ga. Allah shi yi maka albarka."

Ina tsaye da jarka a hannu. Ba son in samu irin abin da ya samu kawai nake ba, so nake ya rasa. Ina faɗa muku da sunanta, hassada ce.

A satin ne idona ya kai kan wani abu. Ɓera da rana yake barci. In ka shiga ɗakin da tsakar rana sai ka tarar sun dunƙule wuri ɗaya, har waɗanda aka ba ƙwayar likita. Amma kejin masu shan ruwan Kaka ba barci, sai hawa da sauka suke. Na tsaya ina kallonsu, sai magogin nan ya faɗo mini a rai. Ranar da Idi ya tafi ɗauko magani, bayan azahar, na rufe ƙofa, na samu babban kwalin sabulu na ja layuka a ƙasansa, na riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Na ƙwayar likita suka yi yawonsu a hankali suna sansana kusurwa. Na Kaka kuwa ban gama ƙirga wa na uku ba na ajiye biro, don hannuna ba ya binsa. Goron gaisuwa ne ke iyo a tulun Idi. Gyaran abin kuma ba wuya. Magana ɗaya ce, a roƙi Kaka ta dafa tukunya guda ba goro, a gwada biyun. Wataƙila a samu wani abu a itatuwan, wataƙila ba a samu ba, ko ta yaya dai aikinsa zai tsaya da ƙafarsa. Saura sati uku a lokacin. Na yayyage kwalin na jefa wa awakin Kawu.

Mahaifiyarku ba a yi mata ɓoyo. Tana zuba mini ruwan wanke hannu ta ce,

"Malam, tun da kusun ga sunka zo ba ka da hwara'a. Ko kai ma a kai ka wurin Kaka?"

Na ce gajiyar aiki ce.

"In dai don Idi na, ka nemi gahwarar Allah," ta ce. "Bai ɗauki komi naka ba."

Na daka mata tsawa, abin da ban saba ba, ta kwashe kwanoni ta ba ni wuri.

Ranar da Idi zai koma Yamai ina durƙushe ina ɗaure keji da igiya, ya tsaya a kaina. Bai ce bawana ba.

"Sani, wasa waje. Gwajin akwati ban samu yi ba, lokaci ya ƙure. Kai ka hi ni sanin dabbobin ga. Akwai abin da kag gani wanda ni ban gani ba? In akwai, in roƙi ƙarin sati biyu."

Ban ɗaga kai ba. Na ja igiya na ƙulle.

"Babu," na ce. "Aikinka ya yi kyau."

Abin da na gaya wa kaina shi ne ba wata ɓarna ba ce. Malamansa za su maido shi ya yi gwajin akwati, ya rasa 'yan watanni, kansa ya ɗan sauko, ya zo ya tambaye ni, ni kuma in warware masa a gaban Kawu da Kaka, kowa ya san wanda ya tashi a gindin murhu. Haka na tsara. Ban sa mutuwa cikin tsarina ba. Kafin ruwan farko ya sauka Kaka ta kwanta kwana uku ta cika.

Malamai suka karanta aikin, suka ce ya yi kyau fiye da kima, a sake shi a gabansu a Yamai, a haɗa da gwajin akwati. Babu Kaka, sai littafi. Idi ya zo neman itatuwan uku, ni da kaina na haƙo masa saiwar. Ya dafa daidai yadda ya rubuta. Ɓeraye suka saki jiki cikin tulu kamar waɗanda aka ba ruwa tsantsa. Ya sake, ya sake. Ya canza wurin da ake haƙo saiwa, ya zo ya ɗauki tukunyar Kaka ita kanta ya kai Yamai, ba abin da ya canza. Sai magana ta fara yawo cewa a ɗakin bayan gidan ubansa, inda ba mai gani, ya zauna ya rubuta abin da yake so. Ba a kore shi a takarda ba. An dai ƙi karɓar aikin, kujerar ta tafi ga wani, waɗanda suke gaishe shi suka daina. Wata ranar Asabar da hantsi ya yi sallama a gidan nan, na shimfiɗa masa tabarma a zaure.

"Sani, kai kar riƙe agogo. Sun yi iyo ko ba su yi ba?"

"Sun yi."

"To mi yah hwaru?"

Nan ne wurin da ya fi mini wuyar rubutawa. Ina iya bugun goshi in ce yanzu na tuna da goro, ba wanda zai kama ni, kuma da an wanke sunansa daga ƙarya. Amma na dube shi zaune a tabarmata, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ba mai ce masa Dokta, ni yake kallo ya ji abin da zan ce. Sai na ji wani sanyi ya sauka a raina. Daɗi na ji. Ban so ya ƙare da wuri ba.

"Wataƙila tsohuwa ba ta gaya maka duka ba," na ce.

Ya tashi ya sa takalminsa.

Sauran kun san shi daga waje. Ya koma Kore Mairuwa ya buɗe shagon magani, ya yi aure, ya yi zamansa. Abin da ba ku sani ba, duk damina yana shiga daji neman itace na huɗu, yana tambayar Fulani da tsofaffin mata. In ana sadakar Kaka a Matankari ba ya zuwa. Mutane suka ce nisa ne, ni ma na ce nisa ne. In mun haɗu yana kirana bawansa yadda ya saba, ina amsawa, kowace shekara kuma maganar tana ƙara mini wuyar fitarwa.

Kun tuna shekarar da na ajiye aiki na shige ɗaki, ba ci ba magana, mahaifiyarku tana kuka a madafa. Likita ya rubuta mini ƙwaya. Idi ne yake kawo ta da kansa, ya zauna a bakin gadona yana ta hirar kasuwa ko na amsa ko ban amsa ba. Da na ce masa na sha kwana goma ban ji komai ba, sai ya ce in yi haƙuri, na gaskiyar ba ya sa mutum tsalle, a hankali yake ɗaga shi. Haka kuwa aka yi, sai bayan makonni na fara jin ɗanɗanon abinci. Ranar da na iya fita da ƙafata na shiga mota zuwa Kore Mairuwa. Ranar kasuwa ce, shagon cike. Na jira aka rage, na gaya masa duka a tsaye, da magogi, da kwalin sabulu, da awaki. Wata mata ta shigo neman maganin tari na yaro, ya ba ta, ya gaya mata cokali nawa, ta fita.

"Goro," ya ce. Ya yi wata 'yar dariya. "Tun yaushe kas sani?"

"Tun kahin ka ɗaure keji."

Ya zauna a kan kujera ya haɗa hannuwansa. Na ɗauka zai yi maganar Yamai, na ma shirya mata.

"Kujerar can na daɗe da mance ta," ya ce. "Ka san abin da ka yi min? Shekara ashirin ban sa sunan tsohuwa cikin addu'ata ba. Ina roƙa ma kowa, in na zo kanta sai in tsallake. Cewa nika ta dahwa kaina da hannu guda, ta ɓoye min da guda. Kai kac ce min haka, Sani."

Na ce ya yafe mini. Ya tashi ya shigo da bencin waje, ya ce wa masu jira su dawo gobe, ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo, rana tsaka, ranar kasuwa. Na tambaye shi ina za shi.

"Matankari."

Ya tada babur. Hanyar Matankari ta ƙofar gidan nan take bi, bayan babur ɗin kuma ba kowa. Ni na tsaya a bakin titi ina jiran mota.